Auna Ruwa Kafin Ka Jefa Ƙugiya: Fatsar Tirawut a Kogin Madison Daga Agusta Zuwa Oktoba

Akwai wata irin fatsa da mutanen ƙasashen sanyi suka daɗe suna yi, wadda ba a saka wa ƙugiyarta tana ko gutsuren nama. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaura wa ƙugiyar da siririn zare har ta fito da siffar ƙwaro, sannan a jefa ta bisa ruwa domin kifi ya ɗauka abinci ne ya faɗo masa. Da yake ƙwaron gashin ba shi da wani nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri, ita ke ɗaukarsa ta kai shi inda ake so. A bakinta akan ƙulla wani zaren roba garai-garai da ke sirancewa har ya kai ga ƙugiyar. Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne tirawut, ɗan'uwan kifin salmon, mai son ruwan sanyi mai gudu. Wannan jagora ta shafi watanni uku ne, daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba, wato ƙarshen zafi da kakar mutanen arewacin duniya, kuma kogin da za a yi misali da shi shi ne Madison da ke jihar Montana a Amurka. Maganar da nake son kafawa guda ɗaya ce. A waɗannan watanni, abin da ya kamata mai fatsa ya fara tsomawa cikin kogi shi ne ma'aunin zafi. Zafin ruwa ne zai gaya maka ko ka yi fatsa ko ka haƙura, shi zai nuna maka lokaci, da wurin da kifi ya laɓe, har da irin ƙwaron da za ka ɗaura.

Na zaɓi Madison ne saboda kogi ɗaya ne amma ruwansa iri-iri. Mafarinsa a cikin gandun dajin Yellowstone yake, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu. Firehole yana ratsa filayen da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, don haka a tsakiyar zafi yakan yi ɗumin da tirawut ba ya jurewa, masu fatsa su ƙaurace masa sai Satumba. Da Madison ya bar gandun sai ya faɗa tafkin Hebgen da madatsa ta tare, ya fito ya shiga wani tafkin da girgizar ƙasar 1959 ta haifar lokacin da gefen dutse ya rufto ya toshe kogin. Daga nan ya miƙe kusan mil 50 yana gudu a kan duwatsu da tsakuwa har tafkin Ennis. Shi wannan tafki ba shi da zurfi, rana na dafa shi, saboda haka ruwan da ke fita daga cikinsa ya gangara Three Forks, inda Madison ya haɗu da Jefferson da Gallatin suka zama kogin Missouri, yana cikin waɗanda ke fara ɗaukar zafi kowace shekara. A yini ɗaya na Agusta sai ka tarar kifin sashen sama yana cin abincinsa lafiya lau, na sashen ƙasa yana fama da numfashi. Kuma duk kifin da ke cikin kogin haihuwar kogin ne. Tun 1974 Montana ta daina zuba kifin gona a yawancin kogunanta, bayan binciken da masanin kifi Dick Vincent ya yi a nan Madison ya nuna cewa zuba na gona rage yawan na daji yake yi. Ke nan kifin da aka yi asararsa a Agusta babu motar da za ta kawo madadinsa a Satumba.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mutum. Zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. In ruwa ya ɗumama, jikinsa ya ƙara saurin aiki, buƙatarsa ta iskar oksijin ta ƙaru, alhali a daidai lokacin ne ruwan ke rage iskar da yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 10 a ma'aunin salshiyos tana ɗaukar kimanin miligiram 11 na oksijin, a digiri 20 ta sauko zuwa 9. Wannan ma lissafin bakin teku ne. A garin Ennis, mai tudun kusan mita 1,500, abin bai kai haka ba. Tirawut ya fi sakewa da cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16 ko kusa da haka. Daga 18 ya fara takura, daga 20 zuwa sama kuwa rayuwa kawai yake lallaɓawa. To a wannan hali ne ƙugiya za ta kama shi, ya yi ta fizge-fizge iya ƙarfinsa. Wannan kokawa tana tara masa tsami a tsoka da jini, kuma ba abin da ke wanke tsamin sai hutu da wadatacciyar iska. A ruwan digiri 13 yana samun duka biyun. A ruwan digiri 22 ba ya samu, sai ka sake shi ka ga ya kaɗa wutsiya ya nutse, ka yi zaton ya tsira, bayan wasu awoyi ya mutu a gindin wani dutse inda ba mai gani.

Shi ya sa hukumar kula da kifi da namun daji ta Montana take da wata doka da mutanen wurin ke kira ta kukan mujiya. Idan zafin ruwan wani sashe ya kai digiri 73 a ma'aunin faranhait, wato kusan 23 a salshiyos, kwana uku a jere, hukumar kan hana fatsa a wurin daga ƙarfe 2 na rana har 12 na dare. A lura da wannan tsakar daren, domin a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Iska na yin sanyi da faɗuwar rana, amma ruwa yana jinkirin sakin zafin da ya sha. Kogi ya fi sanyi jim kaɗan bayan fitowar rana, ya fi zafi wajen la'asar, kuma da magariba yana nan da ɗuminsa ko da kai ka fara neman rigar sanyi. Aunawar kuma tana da nata tsari. Ka ɗaura ma'aunin da igiya, ka tsoma shi cikin ruwa mai gudu, a inuwar jikinka, zurfin kamar kamu ɗaya, ka bar shi minti guda cur kafin ka duba. Kada ka auna a ɗan kwantaccen ruwan bakin gaɓa, wannan rana ta riga ta gasa shi. Ka maimaita duk bayan awa ɗaya daga hantsi. Wani tsohon hannu zai ce tafinsa ya ishe shi. Bai isa ba, domin hannun da ya wuni cikin rana mai digiri 32 zai ji ruwan digiri 21 da sanyi mai daɗi, kuma tazarar da ke tsakanin 18 da 21 ita ce duk maganar.

Shawarata ita ce ka naɗe igiyarka da ma'auni ya nuna digiri 20, kada ka jira 23 ɗin hukuma. Na san abin da za a ce: doka ba ta hana ba, kifi kuma yana ci, me ya sa mutum zai ƙuntata wa kansa bayan ya biya kuɗin lasisi da na tafiya? Amsar farko ita ce dokar hukuma ta jama'a ce baki ɗaya, dole sai an tara shaidar kwana uku kafin a rufe wa dubban mutane kogi, kai kuwa lambar na hannunka yanzu-yanzu. Ta biyu, cin da kifi ke yi ba shaidar lafiya ba ne. Jikinsa ne ke ƙona abinci da sauri, yunwa ta tilasta shi. Akwai wani gwaji da masu bincike Ferguson da Tufts suka wallafa a Kanada a 1992, inda suka gajiyar da tirawut sannan suka duba waɗanda suka rayu. Cikin waɗanda ba a fitar daga ruwa ba, kashi 88 cikin ɗari sun rayu, waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30 kashi 62, na daƙiƙa 60 kuwa kashi 28 kacal. Gaskiya ne gwajin ɗaki ne, kuma binciken da aka yi daga baya a cikin koguna ya samu mutuwar da ba ta kai haka ba. Amma ya nuna inda haɗarin yake: gajiya da rashin iska in suka haɗu. Ruwan ɗumi kuwa rashin iska ne tun kafin ka ɗago kifin. Wanda yake ganin an zuzuta abin, ya tuna Agustan 2016, lokacin da dubban kifaye suka mutu a kogin Yellowstone da ke maƙwabtaka saboda wata cutar ƙoda da ƙarancin ruwa da zafinsa suka rura, har jihar ta rufe mil 183 na kogin.

In ma'auni ya ba ka izni, to shi ne kuma zai nuna maka inda za ka nufa. A ƙarshen zafi ruwa ya ja baya, ya yi garau, kuma kifin da ya kwana a gurbi mai zurfi a watan Yuni yanzu ya matsa inda ruwa ke karyewa a kan duwatsu yana kumfa, saboda a nan iska ta fi yawa. Nemi aljihun ruwa da ke bayan babban dutse da wanda ke gabansa, da iyakar da ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin gudu, da ƙarƙashin gaɓa inda ruwa ya rarake ƙasa ciyawa ta sunkuyo. Layin kumfa a kan ruwa alama ce mai kyau, inda kumfa ke taruwa nan abinci ke taruwa. Sai dai kifin Agusta idonsa ya buɗe, tun Yuni yake ganin ƙwarin gashi suna wucewa ta kansa. Kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, don haka ka zo masa ta baya, kana hawa kogi. Yana hango duniyar waje ta wata zagayayyiyar taga a saman ruwa, kuma duk abin da ya yi tsayi ya fi saurin faɗawa cikinta, saboda haka ka rusuna, in ta kama ka durƙusa, kada inuwarka ko ta sandarka ta faɗa kansa. Yana kuma jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminka ta ishe shi gargaɗi. Wuri ɗaya ne nake roƙon a bari ko da kifi ya cika shi maƙil: bakin ƙoramar sanyi ko idon ruwa a ranar da babban kogi ya ɗau zafi. Kifin da ya taru a nan gudun hijira ya yi, ba kiwo ya zo ba.

Abincin wannan lokaci yawancinsa daga tudu yake zuwa. Manyan ƙwarin ruwa na farkon zafi sun gama fitowa, sai fara da tururuwa da buzuzu da iska ke kaɗowa daga ciyayin gaɓa. Farar gashi ita ce abin marmarin Agusta a Madison. Ana ɗaura ta da gashin barewa, wanda cikinsa rami ne shi ya sa ba ya nutsewa, ko da robar soso mai ƙafafun roba, a ƙugiya lamba 8 zuwa 12. (A lambar ƙugiya, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya.) Ba a ajiye ta a hankali kamar sauran ƙwari. Ka jefa ta ta faɗa da ɗan "tsulum", taƙi ɗaya ko biyu daga gaɓa, ka bar ruwa ya tafi da ita. Duba abin da ke biyo baya. Wani lokaci ba za ka ga komai ba sai wata inuwa ta zame daga ƙarƙashin ciyawa, ta biyo farar da baya-baya, hanci ya kusa taɓa ta, kifin yana tafiya daidai da gudun ruwa yana nazari. Sai baki ya buɗe, fari fat a ciki, ya rufe a hankali, kan ya juya ƙasa. A wannan daƙiƙar hannun sabon shiga ke cin amanarsa, ya fizge tun baki bai rufe ba, farar ta tashi sama. Ka jira kan ya juya, sannan ka ɗaga sanda da nutsuwa. In kifi ya biyo ya ƙi, kada ka sake jefa masa nan take. Ba shi minti biyu ko uku, in ya sake ƙi ka sauya masa tururuwa.

A nan ne dokar ma'auni ta fi ciwo, kuma ba zan ɓoye ba. Fara ba ta tashi da sanyin safiya, sai rana ta ɗumama ta, iska ta fara kaɗawa, wato daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da ruwa ke hawa. Mafita uku ce. Ko ka yi amfani da ɗan tsakanin hantsi da azahar, sa'ad da fara ta motsa ruwa bai kai 20 ba, ko ka hau sashen sama na kogin da ƙoramun kan dutse inda ruwa ya fi sanyi, ko kuma ka jira makonnin farko na Satumba, lokacin da dare ya fara sanyaya ruwa amma raɓar ƙanƙara ba ta kashe fara ba. Wannan na ukun shi ne mafi daɗi, ga shi jama'a sun ragu. Tururuwa kuwa, lamba 14 zuwa 18, sau da yawa ta fi fara kamu a ƙarshen lokaci, domin kifi ya sha hudar fara amma bai cika zargin ƙaramin abu baƙi ba. Ranar da tururuwa masu fiffike suka faɗo ruwa, a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kifi kan bar komai ya koma kansu. Inda doka ta yarda da ƙugiya biyu, ka ƙulla zare mai tsawon santimita 45 zuwa 60 a lanƙwasar ƙugiyar farar, ka ɗaura masa ƙaramar tsutsar gashi mai nutsewa, irin wadda Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙiro da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar jan ƙarfe. Farar na kamu a sama, tana kuma zama alama: da ta nutse ko ta tsaya cak, an ɗauki ta ƙasa.

Kowane ƙwaro ka ɗaura, abin da ya fi kamanninsa muhimmanci shi ne tafiyarsa. Ƙwaron gaske ba shi da igiya, yana bin ruwa yadda ruwa ya so. Naka kuwa igiyarsa ta ratsa ruwa mai sauri da mai nawa, cikinta zai lanƙwashe ya ja ƙwaron, ya bar ɗan sawu a bayansa, kifi ya gane. Maganinsa shi ne da igiya ta sauka ka ɗaga ta da bakin sanda ka juya cikinta zuwa sama ba tare da ka motsa ƙwaron ba, ka kuma matso kusa maimakon doguwar jifa. Sanda mai ƙafa 9 da igiya lamba 5 sun wadatar da kusan komai a wannan kogi. Zaren baki kuwa a ruwa mai garau yana son tsawo, ƙafa 9 zuwa 12. Ana yawan ba da shawarar a sirantar da shi sosai, kuma a nan na saba da masu shawarar. Zaren 6X, mai kaurin kimanin milimita 0.13, yana ruɗin kifi, amma yana tilasta maka ka yi ta lallaɓa shi minti biyar ko goma don gudun tsinkewa, ka kawo shi hannu ya gama galabaita. Ga fara ka sa 3X, ga tururuwa 4X ko 5X, waɗanda suka fi shi kauri. Ka lanƙwasa sandar gefe, ka matsa masa, ka kawo shi cikin minti ɗaya ko biyu. Za ka rasa kifi ɗaya ko biyu da suka hango zaren, waɗanda ka kama kuma za su koma da ƙarfinsu.

Inda 6X ya zama dole shi ne kan ƙananan ƙwarin nan da ake kira taraiko, masu baƙin jiki da farin fiffike, ƙugiya lamba 20 ko 22. Da safiyar Agusta suke taruwa sama da ruwa su yi barbara su zubo a mace, kifi ya jera yana tsinta ɗaya bayan ɗaya, musamman a tafkin Hebgen da kogin Missouri. Sa'ar ita ce da safe ne, ruwa na kan sanyinsa.

Wajen tsakiyar Satumba al'amari kan juya. Dare ya yi tsawo, raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa, kuma ma'aunin da ya kore ka daga kogi da azahar a Agusta yanzu zai ce maka kada ka yi sammako. Ruwan da ya kwana a digiri 6 ko 7 kifinsa a daskare yake, sai ya hau zuwa 9 ko 10 sannan ci ya buɗe, saboda haka lokacin fatsa ya koma daga hantsi zuwa la'asar. Ƙwaron kaka shi ne wani ɗan ƙarami mai jiki ruwan zaitun da fiffike ruwan toka, masana na kiransa Baetis, ƙugiya lamba 18 zuwa 22. Yana girma ne a ƙasan kogi, ya taso saman ruwa ya tuɓe fatarsa, ya zauna yana jiran fiffike ya bushe. Ranar hadari da yayyafi, ko ranar da dusar ƙanƙara ke sauka kaɗan-kaɗan, sukan fito da yawa kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, kuma sanyi da laima na hana su tashi da wuri, sai su daɗe a kan ruwa kifi na ɗiba. Don haka ranar da sama ta murtuke, wadda mai yawon buɗe ido ke zama a ɗaki, ita ce ranarka. Ka tsaya a ƙarshen gurbi wajen ƙarfe 1 na rana, ka zuba ido. Kada ka jefa cikin taron kifi da ka. Zaɓi guda ɗaya, ka lura da tazarar tasowarsa, ka sauke masa ƙwaron kamar mita ɗaya sama da hancinsa. In kana ganin bayansa da wutsiyarsa amma ba ka ganin baki, ƙarƙashin fatar ruwa yake ci, sai ka sauya wanda ke ɗan nutsewa.

Oktoba kuma na babban tirawut ne mai ruwan ƙasa, wanda aka fara kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883. Shi a kaka yake haihuwa, saɓanin tirawut mai launin bakan gizo da ke jiran bayan hunturu. Da ruwa ya yi sanyi sai manyansu su baro tafkin Hebgen su hau Madison cikin gandun Yellowstone, launinsu ya yi ja-ja, haɓar namiji ta lanƙwashe, zuciyarsa ta yi kusa. A nan ake ajiye ƙananan ƙwari a ɗauko mai siffar ɗan kifi, tsawon yatsa ko fiye, a gajeren zare mai kauri, 0X zuwa 2X. Ka jefa shi ketaren kogi, ka bar shi ya ɗan nutse, ka riƙa jawo igiyar da hannu taƙi-taƙi, ko ka bar ruwa ya kewayo da shi har ya miƙe a ƙasa da kai. Bayan kowace jifa ka gangara taku biyu. Asuba da almuru da ranar gajimare sun fi, domin babban kifi ba ya son haske. Kamu a nan ba ya da yawa, mutum kan wuni kan kifi ɗaya ko biyu, amma su ne manyan shekara.

Wannan ƙofa ita ma tana da ranar rufewa. Da haihuwa ta kankama, daga wajen tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, macen kan kwanta gefe ta riƙa bugun tsakuwa da wutsiya har ta haƙa ɗan rami, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa, ta rufe. Gane sheƙar ba wuya. A ruwa marar zurfi, yawanci a ƙarshen gurbi ko ƙaramin reshe, za ka ga wani fili mai siffar ƙwai, tsakuwarsa fes, ta fi ta kewaye haske saboda an kankare gansakuka, ga rami ta sama ga ɗan tudu ta ƙasa. Ƙwan yana cikin tudun, kuma zai kwana a nan duk hunturu. Wani gwaji da aka yi a Montana aka wallafa a 1992 ya nuna cewa taka irin wannan wuri sau biyu kullum na iya kashe har kashi 96 cikin ɗari na ƙwai da 'ya'yan da ba su fito ba. Ka kewaye, in kuma dole ka ketare, ka bi ta sama da ramin. Masu jefa wa kifin da ke kan sheƙa suna cewa ai sakinsa za su yi, kuma a wurare da yawa doka ba ta hana ba. Amma macen da aka ja daga kan raminta ta ƙarar da ƙarfin da ta tara domin wannan aiki ɗaya, wani lokaci ma ƙwan a cikin raga yake zubewa. Ga shi ba wata gwaninta a ciki, kifin tsaron gida yake yi, ko me ka wuce da shi ta gabansa zai kai masa cizo. A gurbi mai zurfi da ke ƙasa akwai mai launin bakan gizo da ya zo cin ƙwan da ruwa ya kwaso, da masu ruwan ƙasa da ba su hau sheƙa ba tukuna. Waɗannan ka nema.

Mai karatu da ya tashi inda ake su domin tukunya zai yi mamakin wannan duka: a wahalar da kifi, sannan a sake shi? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya kama kifi ɗaya inda doka ta yarda, ya kashe shi nan take ya ci da iyalinsa, ba shi da abin kunya. Sai dai kogin da dubban masu fatsa ke sauka a kansa kowace shekara, wanda kuma ba a zuba masa kifin gona, ba zai ɗauki kowa ya tafi da nasa ba, shi ya sa aka taƙaita ɗauka a sassa da yawa. In dai za a saki, to a saki mai rai. Ka danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya tun kafin ka jefa. A gandun Yellowstone wannan doka ce. Ka tare kifin da ƙaramar homa mai ragar roba, ka bar shi cikin ruwa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa. Kada yatsa ya shiga inda yake numfashi a gefen kai, kada ka matse cikinsa. Hoto in dole ne, a shirya kyamara tukuna, a ɗago shi ruwa na ɗiga, a mayar. Sannan ka riƙe shi kansa na fuskantar ruwa mai ɗan gudu har ya ƙwace da kansa.

A makon ƙarshe na Oktoba ma'auni kan fara nuna digiri 4 ko 5, kifi ya koma ƙasan gurbi, sai tsutsar gashi da aka kai masa har baki. Haɗarin yanzu naka ne. Ka ɗaure wandon robarka da bel a ƙugu don kada ya cika da ruwa in ka faɗi, ka ajiye busassun kaya a mota, ka riƙe feshin korar beyar kusa da hannu, domin a kaka suke yawon tara kitse a bakin koguna. Kowace safiya ka duba sanarwar hukuma, sassan da aka rufe suna sauyawa, kuma gandun Yellowstone lasisinsa daban da na jihar. In ka tashi barin wani kogi zuwa wani, ka wanke takalmi da wando da homa, ka kankare laka, ka shanya su bushe ƙarau. A cikin laka da jiƙaƙƙen kaya ƙwayoyin cuta ke tafiya. Cutar da ke sa 'ya'yan kifi juyi, wadda aka gano a Madison a 1994, ta rage masu launin bakan gizo da kusan kashi 90 cikin ɗari a wasu sassan kogin, kuma an ɗau shekaru kafin su farfaɗo.